Ramin jaka 200 da takardar Duwala

Kawu, barka da war haka. Ni ɗan Garwa ne, shekarata 24. Shekara biyar ke nan ina waƙar hip hop da Hausa da Fulatanci, wani lokaci in sirka da Faransanci. Ba ni da kamfani, ba ni da manaja, da abin da nake samu a shagon mahaifina nake biyan situdiyo. Kayan gyaran moto, wato babur, muke sayarwa. Ina da waƙa 14. Ɗaya daga ciki, wadda na yi a kan 'yan moto da tsadar zuwa-zuwa, wato fetur ɗin kwalba na bakin titi, ta shiga gari sosai har a TikTok, amma ko dala ban gani ba. Yanzu wani mai kamfanin waƙa a Duwala ya turo mini takarda: sefa miliyan ɗaya da rabi a hannu, shekara biyar, kashi 20 cikin 100 nawa, waƙoƙina na da da masu zuwa duk na kamfani. Ya ce in koma Duwala, in rage Hausa don ba ta sayuwa a kudu. Mako biyu ya ba ni. Baba kuwa ya ce a zuriyarmu ba a taɓa maroƙi ba, in zaɓa, ko shago ko waƙa. Abokaina sun rabu biyu, wasu na cewa in sa hannu, wasu na cewa in ci gaba da zaman kaina. Ga waƙar nan na haɗo maka. Af, kuɗin bidiyonta, jaka 200, daga cinikin shago na ɗauka, da niyyar in mayar kafin lissafin da Baba ke yi gabanin azumi. Bai sani ba. Yaya zan yi?

Ɗana, sau uku na karanta wasiƙarka, sai a na ukun na gane inda gizo ke saƙar. Ka zuba mini bayani a kan Duwala, da kashi 20, da maganar roƙo, sannan can a gindin takarda, bayan "af", ka ajiye abin da ke hana ka barci. Haka wasu ke yi a gaban likita. Sai sun gama labarin ciwon kai, sun miƙe, sun kama ƙofa, sannan su juyo su ce, af likita, kwana uku ke nan ina aman jini.

To bari mu fara da jinin. Da babu ramin sefa 200,000 ɗin nan a cinikin Alhaji, da takardar Duwala ba ta yi maka kyau haka ba. Yaron da ya yi shekara biyar yana biyan situdiyo da guminsa ba wawa ba ne, ya san ba a sayar da waƙa 14 da shekara biyar a dunƙule kamar buhun gyaɗa. Abin da ya sa kake juya takardar dare da rana shi ne azumi na matsowa, littafin lissafi zai fito, kuma miliyan ɗaya da rabi za ta toshe ramin ba tare da kowa ya ji ba. Gona kake shirin sayarwa don ka biya bashin taki.

Ɗauko biro, tunda ɗan kasuwa ne ya haife ka. Shekara biyar wata 60 ne. Raba 1,500,000 gida 60, abin da zai fito 25,000 a wata. Ko mafi ƙarancin albashin da doka ta yanke a nan Kamaru ya fi haka. Kuma a Duwala za ka ci shi, inda za ka biya ɗaki, ka biya abinci, ka biya abin hawa, ba gidanku ba da tuwo ke jiranka a rufe ko ƙarfe nawa ka dawo. Wannan ma in kyauta aka ba ka, alhali ba kyauta ba ce. A sana'ar waƙa kuɗin kafin alƙalami bashi ne, kuma daga naka kason ake cire shi. Kafin kashi 20 ya tara miliyan ɗaya da rabi, sai waƙoƙinka sun shigar da miliyan 7 da rabi. In suka yi maka bidiyo biyu suka rubuta miliyan 2 suka ɗora a kanka, kamar yadda aka saba, bashin ya zama miliyan 3 da rabi, sai ciniki ya kai miliyan 17 da rabi kafin dalar farko ta shigo hannunka. Littafin da za a duba a san an kai ko ba a kai ba kuwa, a ofishinsu yake.

Ba a takarda na karanta wannan ba. Shekara 16 na yi ina sayar da kaset a Ngaundere, a wata 'yar rumfa da ba ta da nisa da tashar jirgin ƙasa, zamanin da matafiyi ba ya shiga jirgin dare na Yawunde sai ya sayi batir da kaset biyu ko uku. Akwai wani mai garaya da ke yawan zama a bencina, dogo, mai yawan dariya, in ya ɗaga murya har masu dako sai sun sauke kaya sun saurara. Wani ɗan kasuwa, ba sai na kama suna ba, ya kai shi kudu, ya ɗauki muryarsa kwana biyu, ya sallame shi da sabon babur da buhun shinkafa. Ranar da ya dawo unguwa ta ɗauka, yara na bin babur ɗin da gudu. Masta kuwa, wato ainihin muryar da aka ɗauka, ta zauna a hannun ɗan kasuwa. Kaset ɗin nan ni kaɗai na sayar da kwali ba adadi, shekara da shekaru, direbobin manyan motoci na saye suna kaiwa Kusiri da Njamena. Babur ya mutu a shekara ta uku. Wata rana da la'asar sai ga shi a bakin rumfata, ya ciro tsabar kuɗi daga aljihu yana ƙirgawa a tafin hannu. Kaset ɗinsa yake so ya saya, za a aurar da 'yarsa, kuma ba shi da ko guda a gida. Na ba shi uku, na ce ya bar kuɗin. Ya yi ta godiya har yana ranƙwafawa. Rannan ban iya cin tuwon dare ba, don na san ni ma da kasona a cikin abin da aka ci nasa.

Abin da ya sayar rannan shi takardarka ke nema, har da ƙari, don shi ba a haɗa da waƙoƙin da bai yi ba tukuna. Kowace waƙa dukiya biyu ce a haɗe. Akwai baitoci da karin da ka tsara, akwai kuma ainihin muryar da aka ɗauka, wadda mu 'yan kaset muke kira masta. Tunda kai ka rubuta, kai kuma ka biya situdiyo, duka biyun a hannunka suke. Dokar haƙƙin mallaka ta Kamaru, mai lamba 2000/011 ta 19 ga Disamba 2000, ta tsare maka su, kuma haƙƙin baitocin ba ya bin ka kabari, magadanka na ci har shekara 50 bayan rasuwarka. Abin gado ne kamar fili. Ka riƙe wannan maganar, za ta yi maka amfani a gaban Alhaji wata rana.

Sai dai kafin ka yi ta bugun ƙirji da "waƙoƙina", ina da tambaya. Kiɗan da ke ƙarƙashinsu na wane ne? Na san halinku. A shiga YouTube a nemo kiɗan da aka rubuta kyauta ne, a sauke, a hau kai. Kyautar nan iyakarta wasa da sauraro. Ranar da kuɗi suka fara motsi, mai kiɗan zai bayyana, wani yaro ne a Legas ko a Faransa da bai san akwai wani gari Garwa ba, kuma na'urar YouTube na gane kiɗa, sai ta juya masa kuɗin talla ko a sauke waƙar ɗungurungum. Ko kiɗan da aka biya ma, akasari haya ce ba saye ba, shi ɗin dai an ba wa wasu mutum hamsin. Ka duba takardarka da kyau, da wuya ka rasa layin da ka rantse cewa komai naka ne, kuma in rigima ta taso kai za ka biya. Ka ga ke nan kana iya sayar da abin da ba naka ba, ka sayo wa kanka shari'a.

Sannan ina muryoyin suke? Na yi imani a kwamfutar yaron situdiyo suke, a ɗakin nan da aka manne bangonsa da kwalin ƙwai, inda ake kashe fanka in za a ɗauki murya, mawaƙi na zuba baiti gumi na ɗiga a kan takardarsa, wuta ta ɗauke a tsakiyar amshi kowa ya yi salati. Kwamfutar da ke shan zafin Afrilu na Garwa da ɗaukewar wuta, rana ɗaya za ta ƙi tashi, shekararka biyar ta tafi da ita. A cikin makon nan ka sayi filas mai girma, ka je ka kwashe komai, murya daban kiɗa daban, ka ajiye kwafi biyu a wuri biyu. In shi ya haɗa maka wani kiɗan da hannunsa, ku rubuta a takarda, layi uku ya isa: kiɗa kaza, na waƙa kaza, an biya nawa, in kuɗi sun shigo kasonsa nawa. Ku sa hannu da shaidu biyu. Yanzu da babu ko sisi a tsakani zai sa hannu yana dariya. In ka bari sai kuɗi sun zo, abokinka ne zai fara kai ka ƙara. Bayan haka ka yi rajistar waƙoƙin a SONACAM, ƙungiyar da ke karɓar haƙƙin mawaƙa. Rigimar rabon kuɗin mawaƙa a ƙasar nan tsohuwa ce, don haka kada ka ɗora tukunya a kan abin da zai fito daga can, amma sunanka a rubuce a kan waƙarka shaida ce.

Mutumin Duwala kuwa, ban ce ɓarawo ba ne. Ɗan kasuwa ne, ya yi tayi, kuma tayin farko kowa ya san ba shi ne farashi ba. Kai da ke zaune a shago, in mai saye ya ce maka yau kaɗai zai saya, in ba yau ba ya fasa, ai ka san kayan ya shiga ransa. Mako biyun nan haka yake. Ka rubuta masa cikin ladabi: tsofaffin waƙoƙi 14 ba sa ciki. Za ka ba shi sababbi biyu ko uku, aro ba saye ba, na shekara biyu, bayan haka masta ta dawo gida. Duk kuɗin da za a kashe a ɗora maka, sai ka gani ka sa hannu tukuna. Lissafi a rubuce duk wata shida. Harshen da za ka yi waƙa da shi ba ya cikin ciniki. Sannan ka roƙe shi sunayen mawaƙan da ya taɓa ɗauka, ka nemi waɗanda suka bar shi, ba waɗanda ke tare da shi yanzu ba, ka ji ta bakinsu. Takardar kuma lauya ya karanta ta, naka, wanda kai ka biya, a nan Garwa. In mutumin ya zauna aka yi ciniki, to akwai alheri a tare da shi. In ya fusata ya ce kai wane ne da za ka gindaya masa sharaɗi, ka gode wa Allah da ka ga fushin tun kana gidanku, ba a wani ɗaki a unguwar New Bell ta Duwala ba, bayan ka sha mota zuwa Ngaundere, ka kwana a jirgi zuwa Yawunde, ka sake shiga wata motar, kuma babu kuɗin komowa.

Kada abokanka masu cewa "zaman kai" su ɗauka na bi bayansu. Kalmar na da daɗi a baki, shi ya sa kowane yaro mai waƙa uku a waya ke kiran kansa mai zaman kansa. Mai zaman kansa na gaske shi ne wanda ya ɗauki duk aikin da kamfani ke yi ya aza a kansa: jari, rajista, rabawa, talla, neman wasa, lissafi. Jovi, mawaƙin hip hop na ƙasar nan da ake misali da shi, kamfaninsa ya kafa, New Bell Music, kuma da hannunsa yake haɗa kiɗansa. Stanley Enow, da ya ciyo kyautar MTV ta sabon mawaƙin Afirka a 2014, shi ma ƙarƙashin nasa kamfanin ya fito, Motherland Empire. Ba rashin kamfani ne ya ɗaga su ba, su suka zama kamfanin.

Kai ma kana da kamfani, ba ka dai lura ba. Shekara biyar wa ke biyan situdiyo? Wa ke ciyar da kai, ya ba ka ɗaki, ya bar ka ka rufe shago da magariba ka tafi ɗaukar murya? Shagon Alhaji. Ya zuba maka jari shekara biyar bai nemi masta ba, bai nemi kashi 80 ba, bai ce ka daina Hausa ba. Duk faɗin ƙasar nan ba za ka sami kamfani mai sauƙin sharaɗi irinsa ba. Kuma shi ka buɗe wa aljihun tebur ka ɗebi jaka 200.

Ka ce waƙa ta shiga gari ko dala ba ka gani ba. Ba za ka gani ba ta hanyar da kake jira. Mutanenmu ba sa sayen waƙa a intanet, turawa suke yi. Wannan ya ba wancan ta Xender, mai shagon caji ya loda wa mutum waƙa ɗari a memori a kan 'yan canji. Spotify ya shigo Kamaru tun 2021, amma tun 2024 waƙar da ba a saurara sau 1,000 cikin wata 12 ba, ba ta samun komai a wurinsu, kuma ko ta haye, abin da ke fitowa daga sauraron dubu ɗaya ba zai cika maka tankin moto ba. YouTube na neman mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin shekara kafin a fara maganar kuɗin talla, kuma ba kowace ƙasa tsarin ya shafa ba. Ka sa waƙoƙinka a can, da Audiomack da Boomplay, da sunanka da asusunka, don mai nema ya same ka. Amma ka ɗauke su a matsayin allon da ake kafawa a bakin shago. Allo ba ya kawo kuɗi, nuna ƙofa yake yi.

Kuɗin suna inda jikinka yake: biki, wasan sallah, taron ɗalibai a jami'ar Ngaundere da ke Dang da ta Marwa da sabuwar jami'ar Garwa da aka kafa a 2022, dandalin cibiyar al'adu ta Alliance, bikin kiɗa na 21 ga Yuni, tallar da za ka rera wa mai shagon atamfa ko mai gidan burodi a sa a rediyo. Ka sa wa wasanka farashi, ka karɓi rabi ta Orange Money ko MoMo kafin ka bar gida. Duk wanda ya ce ka zo ka yi kyauta don a san ka, gaya masa an riga an san ka, shi ya sa ya kira ka.

Ga kuma abin da ya ba ni mamaki da ba ka gani ba. Waƙarka a kan wa take? 'Yan moto. Tun da Najeriya ta janye tallafin mai a Mayun 2023, kwalbar zuwa-zuwa da ake jerawa a bakin titi ta yi tsalle, ɗan moto ya wuni a rana ya koma gida da abin da bai kai kuɗin cefane ba. Kai ka faɗa musu abin da ke cikinsu, shi ya sa suka ɗauke ta. To su wa ke shigowa shagonku sayen taya da sarƙa da filogi? Su ɗin dai. Mawaƙa na kashe dukiya suna neman inda masu sauraronsu suke, kai naka su ke zuwa da ƙafarsu su tsaya a gaban teburinka kullum. A 2013 wani mawaƙin Amurka, Nipsey Hussle, ya buga faifai 1,000 kacal, ya sa wa kowane dalar Amurka 100, suka ƙare, don ya san mutanen unguwarsa kuma sun san shi. Ban ce ka sa wa ɗan moto irin wannan farashin ba. Amma sitika mai baitinka da sunan shago a jikin tanki, hula, riga, wasa na musamman da shugabannin tasharsu za su shirya a ranar hutu kowa ya ba da ɗari biyar, wannan ciniki ne da za a iya rubutawa a littafi. Wanda ya tafi Duwala ya bar wannan, ya bar kasuwa yana cikinta.

Maganar Hausa ba ta sayuwa, gaskiyarsa ce in unguwannin Akwa da Bonaberi na Duwala kawai yake kallo. A can akwai yara dubu da suka fi ka Faransancin titi da Pidgin, a cikinsu aka haife su, za ka je ka zama na dubu da ɗaya. Juya ka kalli yamma da arewa. Yola na nan kusa, kogi ɗaya kuke sha. Daga nan Mubi, Maiduguri, Kano, Kaduna, Damagaram, ga Njamena ta wancan gefe. Su DJ AB da Classiq da BOC Madaki da Hausa suka yi suna, kuma masu jin su miliyoyi ne. Kai kana da abin da yawancinsu ba su da shi, Fulatancin da ake ciniki da shi daga Ngaundere har Marwa, wanda mawaƙi Isnebo ya nuna tun tuni cewa yana iya fita daga Garwa ya zaga ƙasa. Baiti ɗaya da za ka tura wa wani mawaƙin Yola ko Kaduna ta WhatsApp ya hau kai, zai kai ka inda shekara biyu a Duwala ba za ta kai ka ba.

Saura Alhaji, kuma nan ne aikin yake.

Da ya ce maroƙi, ba zagin waƙa yake yi ba. Ina iya rantsuwa akwai Shata a motarsa ko a wayarsa. Mutanenmu haka suke, su so waƙa, su yi wa mawaƙi kari, amma kada a ce ɗansu ne. Abin da yake gani a idon zuciyarsa shi ne ɗansa a tsaye a ƙofar wani attajiri yana kirari ana liƙa masa kuɗi a goshi, abokan kasuwancinsa na kallo. Wannan tsoron ba na banza ba ne. Ranar da ka fara jera sunayen alhazai da 'yan siyasa a waƙa don a sallame ka, maganarsa ta tabbata, ko da wace irin hula ka sa. Abin da kake yi yanzu daban ne, ba ka roƙi kowa ba, halin talaka ka faɗa. Amma ba za ka iya yi masa wannan bayanin ba alhali kuɗinsa na cikin bidiyonka. Ya ce ba a taɓa maroƙi a zuriyarku ba. In ya buɗe littafi ya ga giɓi da kansa, kalmar da zai kira ka da ita ta fi maroƙi muni, kuma daga ranar duk waƙar da ka yi, a kunnensa ƙarar kuɗinsa ce. Mai shago yana yafe asara, yana yafe bashin da ya nutse, amma hannun da ya miƙa wa mabuɗi in ya ci amana, da wuya ya manta.

Saboda haka kai za ka riga littafin magana. Ka haɗa abin da za ka iya cikin kwana goma. In kana da moto ka sayar, in babbar waya ce ka sayar ka koma ƙarama, takalman nan da na gani a bidiyo su ma kuɗi ne. Ko rabi ka samu ya isa a fara. Kada ka ci bashin wani don ka toshe a ɓoye, rami ne ka mayar wani wuri. Ka sami baffanka, ko aminin Alhaji wanda yake jin nauyinsa, ka fara gaya masa komai, ka roƙe shi ya raka ka. Ba a shago ba, ba a gaban ƙannenka ba, ba kuma a ɗakin mahaifiyarka ba, kada a ce da saninta. Bayan isha, in ya ci abinci ya zauna a zaure. Ka durƙusa, ka ajiye kuɗin a gabansa, ka ce: Baba, na ɗauki jaka 200 a ciniki wata kaza ba da izininka ba, ga abin da na haɗa, saura kuma a riƙa cirewa a haƙƙina, na yi laifi, ka yafe mini. Ka tsaya nan. Kada ka ce waƙar ta yi suna. Kada ka ambaci Duwala, don zai ji kamar barazana ce. In ya yi faɗa ka sunkuyar da kai har ya gama. Yana iya karɓe mabuɗi, yana iya yin wata guda bai amsa gaisuwarka da kyau ba. Ka ci gaba da zuwa shago kafin kowa, ka share, ka jera kaya.

Sai bashi ya ƙare, an sha ruwa, an yi sallah, zuciya ta sauka, sannan baffan nan ya sake komawa da buƙatarka. Ba "ko shago ko waƙa" ba. A yanka maka albashi sananne, kowane wata, wanda in ka kashe shi a situdiyo ba ka taɓa na kowa ba. A ba ka yini ɗaya a mako. Ka ɗaukar masa alkawarin abin da ba za a taɓa ji a bakinka ba: batsa, zagi, roƙo. Ku sa wa'adin shekara biyu, ka buɗe wa waƙa nata littafin, shiga da fita, irin nasa sak, ranar da wa'adi ya cika ka kawo masa ya duba da idonsa. Yaren da yake ji ke nan. In littafin ya nuna riba, ka sami hujjar da ta fi ta bakinka. In ya nuna asara, kana da shekara 26, da shago, da waƙoƙinka a hannunka, kuma ba wanda ke bin ka miliyan uku da rabi. Wata rana kuma, ba yanzu ba, ka rubuta baitocin waƙar 'yan moton a takarda ka ba baffa ya karanta masa ba kiɗa. Da yawa daga cikin dattawan da ke toshe kunne in sun ji ganga, in aka karanta musu magana tsura sai ka ga suna gyaɗa kai.

Na saurari waƙar, sau biyu a waya, sau ɗaya a rediyon motar maƙwabcina. Baiti na biyu, inda ɗan moto ke girgiza tanki a kunne ya ji ko man zai kai shi gida, ya yi kyau ƙwarai, wanda ya zauna da su ne kaɗai zai ga wannan. Na ukun da ka koma Faransanci kana lissafa motocin da ba ka da su, aro ne, kuma an ji aro ne, cire shi. Sannan ka gaya wa yaron situdiyo ya sassauta gangar nan, ta danne maka murya, sai da na sa jikata ta maimaita mini amshin kafin na ji abin da kake cewa.